Tekun da Kawu Ilu Ya Naɗo a Rawani

Duk wanda ya zauna a Rano a 'yan shekarun nan, ya san tutar Kawu Ilu tun kafin ya san Kawu Ilu. Eriyar rediyo ce, irin mai zugewa ɗin nan, an ɗaura mata jan ƙyalle a ka. Masallaci zai je, tana sama. Kasuwa zai je sayen tattasai, tana sama. Ko bayan gida zai zagaya, sai ya soke ta a bakin ƙofa, wai don tawaga ta san inda jagora ya tsaya. Tawagar kuwa sau da yawa ba kowa a cikinta sai kaji. In ka gaishe shi a hanya ba ya tsayawa, sai dai ya ɗan karkato maka tutar ya ce, "A biyo baya, mota ba ta jira." Mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba.

Kun sha dariyar tutar nan, ni ma na sha. Sai dai da yawanku a tsakiya kuka tarar da labarin, ni kuwa a gidan na tashi. Shi da matarsa Inna Kande Allah bai ba su haihuwa ba, su suka riƙe ni da yayana Habu bayan rasuwar mahaifiyarmu, wadda ƙanwarsa ce. Aure ma bai kai ni nesa ba, katanga ɗaya ce tsakanina da su, katangar ma da ƙofa a jikinta. Ba na son fita, wannan kowa ya sani. Turmi Kawu yake kirana, wai ni sai an zo aro don biki nake ganin titi. To ai turmi a tsakar gida yake, duk abin da aka faɗa a kunnensa ake faɗa.

Mafarin abin shi ne Allah ya buɗa wa Yaya Habu, ya kafa wurin casar shinkafa, har ta kai zai je Tailan sayen wani babban inji. Mu dai Tailan a jikin buhun shinkafa muka san ta. Ran da ya zo sanar da su, Kawu yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, ko ɗagowa bai yi ba.

"Wa zai duba maka injin?"

"Akwai injiniya, Kawu."

"Tunkiyarka ta farko, wa ya buɗe bakinta ya duba haƙora?"

"Kai ne."

"Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba."

"To a yi mini fasfo."

Yaya Habu ya ɗauka wasa ne. Washegari Kawu ya ɗauki tabarmarsa ya shimfiɗa a ƙofar wurin casar, duk wanda ya kawo shinkafa sai ya gaya masa mai wurin zai je ya sayo inji da ido rufe. Bai tashi daga nan ba sai da aka kai shi Kano aka ɗauke shi hoto.

A nan ne Inna Kande ta shigo zancen. Ita 'yar Kahu ce, ta ƙasar Kibiya, shi ya sa ma Kawu bai taɓa kiranta da wani suna ba sai 'Yar Kahu. Kakanta ya yi aikin hajji irin na da, wanda ake ƙetare ruwa a jirgi, ya dawo yana cewa ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, kuma duk gishiri ne. Tun tana yarinya ba ta yarda ba. Takan ce, "Gishirin da nake saya a ƙulle a leda, shi ne wai aka zuba a ruwa iya ganinka, babu ko mai gadi? Wa ya zuba? Da wane buhu?" Kawu shi ma bai taɓa ganin teku ba, amma tun ran da aka kawo ta gidansa yake kare shi kamar gonar gado. Mun tashi mun tarar da musun nan, muka girma muka bar shi yana nan.

A lokacin idonta ya fara dushewa. Likita a Kano ya ce irin wanda ba ya dawowa ne, maganin ɗigawa rage masa gudu kawai yake yi. Yaya Habu ya taɓa cewa zai kai ta Legas ta gani da idonta, amma Inna mota juya mata ciki take yi, ko Bunkure ba ta kaiwa sai an tsaya. Da ta ji garin da za su yana bakin teku, sai ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Malam, tunda ka nace sai ka je, ka gano mini. In da gaske ne ka kawo mini in gani, kafin a kashe mini fitila."

Yaya Habu ya ce, "Zan ɗauko miki hoto, Inna."

"Hoton da gishirinsa?"

Kawu ya ce, "'Yar Kahu, zan kawo miki teku. In ban kawo ba ki hana ni tuwo."

Ta ce, "Wannan ko ka kawo ina iya hana ka."

Ranar tafiya ya fito da rawani fari ƙal, shi da ba shi da sarautar ko lungu. Wai ba zai wakilci Rano da hula zalla ba. A jakarsa kuma akwai butar alwala da ƙaton ƙullin daddawa, ta gaisuwar mai unguwa.

Ni ban je ba, kun sani. Amma na ji labarin daga bakin Kawu har na haddace, na kuma ji daga bakin Yaya Habu, wanda har yau in an ambaci tafiyar sai ya dafe goshi. Wurin da suka sauka Rayong ake ce masa, yanki ne na masana'antu a bakin ruwa. Injin da Kawu ya je dubawa kuwa, zagaye shi ya yi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ce fentin ya yi kyau. Aikinsa ya ƙare ke nan.

Abin da ya tafi da hankalinsa daban ne. Masu kamfanin suna da al'ada, in baƙi sun zo sai a riƙa zuba su a ƙaramar bas ana kai su kallon gari, a fita da safe a dawo da yamma. Mai yi musu jagora wata 'yar siririyar mace ce da 'yar tuta a hannu. Kawu ya ce, "Turmi, yarinyar nan ko tulu ba za ta iya ɗauka ba. Amma ta ɗaga ƙyalle, sai ki ga manyan mutane masu tumbi suna binta kamar 'yan tsaki. Tun da nake ban ga mulki mai araha irin wannan ba."

Fitar farko wani tudu za a kai su, hanyar kuma ta ratsa ta tsakiyar masana'antu. Bututu kan bututu, tankuna kamar duwatsun Rano an yi musu fenti. Jagora ko kallon taga ba ta yi, tana ta ba su labarin furanni. Sai Kawu ya hango wani dogon bututu da wuta tana ci a kansa, da rana tsaka. Ya hau bugun gilashi.

"Habu, tambaye ta me ake dafawa."

"Ta ce ba a dafa komai, iskar gas ce ta yi yawa ake ƙonawa."

"Yau kaɗai?"

"Ta ce ana yawan yi."

"Wuta tana ci haka, ba tukunya, ba masara, ba ko mai jin ɗumi? Ce mata a kai ni wajen mai gidan."

Dama tun saukarsu yake mita a kan ba a kai shi gai da mai unguwa ba. Cewa yake, "Mun shigo garin mutane mun kwana mun tashi, ba wanda ya san da mu. Ɓarayi ke haka." Da ya dami kowa, direba ya tsaya a wata ƙofa mai shinge. Kawu ya sauka, ya sami mai gadi, ya yi masa bayani da Hausa tiryan-tiryan yadda za a sami mai walda ya yi wa bututun murhu a sama, a riƙa jan tukunya da igiya. Mai gadi ya saurara har ƙarshe, ya ƙame ya sara masa. Kawu har ya koma ga Allah yana da yaƙinin an yi aiki da shawararsa. In an ce ƙasar nan ta ci gaba, sai ya gyara zama ya ce, "To, ana dai jin magana a can."

Fita ta biyu lambu aka kai su, irin wanda in ka shiga sai ka ci iya cikinka. Kowa ya kama tsinka, Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

"Mai lambun ya sani?"

"Ya sani, Kawu, ga shi can yana murmushi."

"Allah sarki. Gaya masa ina yi masa jaje. Ka ce ya nemi ƙaya ya kewaye, kuma ya daina murmushin nan, shi ke ja masa."

Mai lambun, wani dattijo ne, ya ji daɗin gaisuwar da bai fahimta ba, sai ya sa wuƙa ya fasa musu abin da suka fi ji da shi, wani ɗan itace mai ƙaya kamar bushiya ta dunƙule. Yaya Habu ya ce yana jin warin ya koma cikin bas ya rufe ƙofa. Kawu kuwa ya zauna ya ci, ya ƙara, ya suɗe hannu. Da na tambaye shi ɗanɗanonsa sai ya ce, "Kamar an dama koko da madara a cikin rumbun albasa. Baki yana godiya, hanci yana kai ƙara."

A otel ɗinsu an hana shiga da abin nan, har hotonsa aka liƙa a bango aka ja masa jan layi. Da yamma sai ga ma'aikata suna bin ɗakuna suna shinshina, har suka tsaya a ƙofar su Kawu. Aka duba ƙarƙashin gado, aka duba firji, babu. Manaja da kansa ya bi warin har jakar Kawu, ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci. Yaya Habu ya ce mutumin nan sai da ya nemi bakin gado ya zauna. Aka yi sulhu a kan daddawa za ta riƙa kwana a waje, bayan taga. Kawu ya ce, "Mutanen da ke cin bushiya mai wari suna lashe baki, wai daddawa ce ta zaunar da su. Ashe mu ma muna da abin da duniya ke tsoro."

Sai a fitar ƙarshe aka kai su bakin teku. Kawu ya sauka ya nufi ruwan. Ya tsaya, ruwa yana zuwa yana lasar takalminsa yana komawa. Can ya nisa ya ce, "Ina Sarkin Ruwa?"

Babu yadda ba a yi ba a gaya masa babu, ya ƙi ji. Ya duba ya duba, ya hango wani saurayi a kan doguwar kujera mai tsani, da usur a wuya, mai lura da masu wanka. Ya ce, "Ga shi can. Wa zai hau kujera irin wannan in ba shi ba?" Ya je ya durƙusa. Saurayin ya ga dattijo mai rawani a ƙasa, ya sauko da sauri, ya haɗa tafin hannu ya sunkuya, irin gaisuwarsu. Kawu ya ga sarki ya sunkuya masa, ya ƙara yin ƙasa. Saurayin ma ya ƙara. Yaya Habu ya ce da bai shiga tsakani ba da su biyun sun haƙa rami. Daga ƙarshe Kawu ya miƙa masa daddawa hannu bibbiyu, ya nemi izinin ɗibar ruwa. Abin da bawan Allahn nan ya yi da daddawar, sai ranar gobe za mu ji.

Sannan ya kamfaci ruwan da tafin hannu ya kai baki. Ya tofar, ya fashe da dariya har rawani ya karkace.

"'Yar Kahu ta sha ƙasa. Habu, miƙo buta."

Ya cika buta, ya toshe bakinta da leda, ya ɗaure da roba. Sauran baƙi aka sa su a jirgin ruwa za a kai su wani tsibiri, shi ya ƙi hawa, ya zauna a yashi rungume da buta har suka dawo.

Ranar dawowa Yaya Habu ya roƙe shi ya sa butar a cikin akwati. Ya ce ba zai bari a jefa teku a ƙarƙashin kaya kamar buhun masara ba. Akwatuna suka wuce, suka zo wajen bincike, ma'aikaci ya ɗaga buta, ya girgiza, ya nuna masa kwandon shara.

"Kawu, ya ce ba a shiga jirgi da ruwa."

"Gaya masa ba ruwa ba ne, alkawari ne."

"Ba zai gane ba. Ka bari, in mun je gida sai mu jiƙa gishiri a kofi, Inna ba za ta sani ba."

"Ni zan sani."

Layi ya tsaya, mutane sun fara tsaki da yarensu. Sai Kawu ya kai hannu ya warware rawaninsa. Ya dunƙule shi a kan kwandon sharar, ya kwance bakin buta, ya riƙa tsiyaya ruwan a hankali har rawani ya shanye tas. Ya mayar ya naɗa a kansa, ruwa yana bin wuyansa, ya miƙa wa ma'aikacin buta wayam. Mutumin ya dubi buta, ya dubi rawani, ya kira na gaba da shi. Shi ma ya duba. Duk dokokinsu ba wadda ta yi maganar jiƙaƙƙen rawani. Suka ce ya wuce.

Haka ya zauna a sanyin jirgi da teku a ka. Ya iso Rano da murar da har muryarsa ta tafi, rawanin kuma ya bushe ya sandare kamar kilishi. Ya rataye shi a ɗakinsa, ya ce duk wanda ya kusance shi da sabulu ba shi ba shi.

Inna ta bari sai da muryarsa ta dawo, sannan ta ce, "Ina tekun?"

"Yana nan. Amma ba a farawa da teku. Abin da tsari: masana'anta, lambu, sannan teku."

Ranar ya karya eriyar rediyonsa. Ya zazzage adudun Inna a tsakar gida, yana ɗaga tsummoki ɗaya bayan ɗaya a gabanta, fari, kore, shuɗi, har ya tsaya a kan ja. Ya yi magana da Ɗanjuma mai A Daidaita Sahu, ya leƙo ta ƙofar katanga ya ce, "Turmi, ɗauko mayafi, yau an aro ki."

Masana'antar farko injin niƙan Malam Audu ne, nan bayan kasuwa. Kawu ya sauka ya ɗaga tuta, yana tafiya da baya da baya yana fuskantarmu, wai haka jagora take yi, har sai da ya zauna a cikin faifan tumatirin wata baiwar Allah. Malam Audu ya fito fari fat da gari.

"Ilu, lafiya? Matar nan tun ina saurayi take aiko mini da niƙa."

"Da niƙa take aikowa. Yau kallo ta zo. 'Yar Kahu, me kika ji?"

"Na ji ƙara."

"To haka can ma, sai dai ki ninka."

Daga nan wajen mai walda, daga nan wajen mai tsire, inda ya tsayar da mu a gaban wuta ya ce wannan ita ce ta kan bututu, amma tamu ta fi hankali tunda an ɗora mata nama. Inna tana riƙe da hannuna tana dariya a cikin mayafi. Muka dawo gida da la'asar, ya tsaya a ƙofa yana duba fuskokinmu, mu biyu rak, wai kada a bar wani a baya.

Kafin fitar lambu labari ya zaga gari. Muka tashi zuwa Kahu da A Daidaita Sahu da babura a bayanmu kamar rakiyar amarya. Lambun mangwaron Malam Sa'idu ne, ƙanen Inna, kuma ba wanda ya gaya masa. Kawu ya tsaya a bakin shinge ya sanar cewa kowa ya ci iya cikinsa. Malam Sa'idu ya dawo daga sharar gona ya tarar da mutanen Rano a kan bishiyoyinsa.

"Yaya Ilu, wa ya ba da wannan izini?"

"A Rayong haka ake yi."

"A can ɗin ba a ba mai lambu komai?"

"Wannan ɓangaren Habu ne ya yi, ban gani ba. Kai dai naka murmushi ne."

Malam Sa'idu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya hango yayarsa a gindin tsohuwar bishiyar da babansu ya dasa, tana shafa jikinta da hannu. Ya rufe bakinsa. Ya ɗauko gora da kansa ya kaɗo mata na can ƙololuwa, waɗanda ya hana kowa taɓawa.

Da muka dawo na miƙa wa Inna kofin ruwa, sai na ga ta kai hannu gefe, ta kama iska. Na bi Kawu zaure.

"Kawu, saura teku. Yaushe?"

"Sai damina ta cika dam ɗin Tiga. Ba zan kai ta ta ga ruwa ya ja baya ba, ta ce ai ga ƙarshensa can."

"Idon Inna ba zai jira damina ba."

Ya ce in koma gida in yi daka, tsari tsari ne. Amma na ga bai ci tuwon kirki ba ranar.

Wadda ta karya tsarin akuya ce. Inna tana da wata jar akuya, tun dawowarsa take binsa duk inda ya sa ƙafa, shi kuma yana alfahari wai ko dabba ta san girman tuta. Ashe gishiri take ji. Da aka yi ruwan farko rawanin ya yi laushi da danshi, sai ya fito da shi ya shanya a igiya, ya shiga alwala. Ni ina daga gidana na ji salati. Na leƙo na tarar da Kawu riƙe da gefe ɗaya, akuya riƙe da ɗaya, kowa yana ja, ita tana ci gaba da tauna tana kallonsa ido cikin ido. Kafin mu ɓamɓare ta rabin rawani ya wuce.

Inna daga ɗaki ta ce, "Me ya faru?"

Na ce, "Akuyarki ta sha teku."

"Ta ce da gishiri?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya tsaya da guntun rawani a hannu yana jujjuya shi. Can ya ce, "Turmi, aika a gaya wa Ɗanjuma gobe da safe. A ɗaure mini akuyar nan ma, da ita za mu. Rabin kayan yana cikinta."

Haka muka tafi, Ɗanjuma a gaba, Kawu a gefensa da tuta a waje, ni da Inna a baya, akuya a kan ƙafafuna. Ɗanjuma yana tafiya kamar ya ɗauko ƙwai saboda cikin Inna, mai keke ma wuce mu yake yi. Muka bi ta Rurum, muka tsaya ta huta, muka ƙara tsayawa, har muka isa bakin dam rana ta ɗaga. Ni kaina, da na girma a Rano, ranar na fara ganin Tiga.

Kawu bai yarda mun sauka ba sai da ya nemo shugaban masunta ya gaishe shi, ya ba shi ƙullin daddawa. Mutumin ya shinshina ya yi ta godiya, ya ce matarsa za ta ji daɗi. Kawu ya waiwayo ya ce, "Kin gani, Turmi? Sarkin da ya san kaya."

Muka shimfiɗa wa Inna tabarma dab da ruwa. Iska tana kaɗawa, ruwan yana zuwa yana bugun duwatsu. Kawu ya tsaya a gabanta da tuta, ya matsa gefe a hankali.

"'Yar Kahu, me kike gani?"

Ta daɗe tana kallo. "Haske. Mai yawa. Yana motsi."

"Kin ga ƙarshensa?"

"Ban gani ba."

"To."

Ya ba ni tutar in riƙe, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya tsoma guntun rawani, ya jiƙa, ya matse, ya sake tsomawa, ya matse tas. Ya durƙusa ya kai mata ƙwaryar baki. Masunta sun bar komarsu sun kewaye mu.

Inna ta kurɓa. Ta riƙe a baki kamar mai ɗanɗana miya. Ta haɗiye, ta ƙara kurɓa.

"Ashe da gaske ne," in ji ta. "Allah ya jiƙan kakana, na ƙaryata shi a banza." Sai ta taɓe baki. "Amma Malam, gishirin nan ba duka na teku ba ne. Rabi gumin kanka ne. Na san shi, shekara nawa ina wanke maka hula."

Masunta suka kwashe da dariya, Ɗanjuma har da riƙe ciki. Kawu ya ce wannan sharri ne, a Rayong ma haka ɗanɗanon yake. Ya juya wai zai duba akuya, ya daɗe yana duba ta, yana goge fuska da hannun riga.

Inna ta laluba ta kamo gefen rigarsa. "Na gani, Malam. Ka kawo. Zauna ka huta."

Kafin damina ta ƙare fitilar ta mutu gaba ɗaya. Sai daga baya take gaya mini, a watannin ƙarshen nan fuskar mutum ba ta gani, ƙofa ba ta gani, amma jan ƙyallen nan tana hango shi kamar garwashi, in ya yi gaba ta san inda za ta sa ƙafa. Abin da yake nema ke nan ranar da ya zazzage adudu. Mu muna ta dariyar tsoho da eriya, ita tana bin hanya.

Ta rasu ta bar shi, bai ajiye tutar ba. Wata rana na ce, "Kawu, yanzu wa ke binta?" Ya ce, "Turmi, ba ki san aikin ba. Jagora ba ya sauke tuta sai shi ma ya isa masauki."

Ya isa. Tutar tana nan a bayan ƙofata, jan ya koɗe, kaji ma sun daina kula ta. Ya Allah ka jiƙan Kawu Ilu, ka jiƙan Inna Kande, ka yafe musu kurakuransu, ka haskaka kabarinsu. Ka mayar mata da ganinta fiye da na da, ka zaunar da su tare a bakin ƙoramun Aljanna, inda ruwan ba gishiri, su sami sabon abin musu. Amin.